Zaƙin da Ba na Sukari Ba

Duk azumi, da la'asar ta yi sanyi, yaran unguwa kan jeru da kwanuka a ƙofar gidanmu a Daura, suna jiran kunun zaƙin Goggo. Ba ta taɓa sa masa sukari ba, amma zaƙinsa kan daɗe a baki. Da tsufa ya zaunar da ita sai Yaya ta gaji tukunyar. Gero dai shi ne, ga citta, ga kanumfari da masoro, amma kunun ya fito da kauri kamar koko, salam.

Gero muka fara zargi. Aka aika kasuwar Mai'aduwa aka auno sabo, bai sauya zane ba. Sai aka koma kan ruwa. Mutumin Daura ba ya wasa da zancen ruwa, tunda labarin garin ma a bakin rijiyar Kusugu ya soma. Kawu ya dage cewa ruwan burtsatse ne ya kashe kunun. Aka ɗebo na rijiya. Mai ɗiba ne kawai ya samu ciwon baya.

Ana haka na tuna da wani jiƙaƙƙen buhu da ke shimfiɗe a bayan rumbu tun ina yaro. Safe da yamma Goggo kan yayyafa masa ruwa. Na taɓa ɗaga shi na ga dawa ta fitar da fararen wutsiyoyi, na ɗauka abincin kaji ne.

"Goggo, dawar nan da kike rufewa da buhu fa, ta mene ce?"

Ta yi dariya har da tari. "Sai yau ka tambaya, ɗan nan? Ai tsiro ne."

Ashe takan jiƙa dawa, ta rufe ta kwana uku har ta tsira, ta shanya, sannan ta niƙa tare da busasshen dankali. Yaya ta yi duk wannan, muka sa rai. Kunu ya sake fitowa da kaurinsa.

Washegari muka ɗauko Goggo da tabarmarta zuwa bakin madafa. Yaya ta dama gasara da tafasasshen ruwa, ta miƙa hannu za ta juye ƙullun tsiron nan take.

"Ke! Wa ya ce miki yanzu ake zubawa? Bar shi ya sha iska."

Muka jira. Can ta tsoma ɗan yatsa ta cire da sauri, ta ce a zuba. Kafin a jima muciya ta daina tsayawa a tsakiyar tukunya. Abin da ke da kauri ya tsinke, na ɗanɗana, na ji zaƙin da na sani.

Dalilin yana cikin ƙwayar. Idan hatsi zai tsira, yakan samar da sinadarin da ke mayar da sitacinsa sukari don ciyar da jaririn shuka. Wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, su suka fara ware shi daga tsiron sha'ir a 1833. Dankali ma yana da irinsa. Amma tafasasshen ruwa na kashe shi, kuma abin da Yaya ke yi ke nan. Shi ya sa masu dafa giya a Jamus da Beljiyam, waɗanda su ma da tsiro suke aiki, kan tsare zafin tsakanin digiri 62 da 72: a ƙasa abin shan ya fito sakayau, a sama ya fito da jiki da sauran zaƙi.  Su da ma'aunin zafi, Goggo da yatsa. Kuma lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma wa dawarmu, har cikin lemun malt da ake rabawa a biki.

Saura abu ɗaya da ya daɗe yana ɗaure mini kai: Goggo ba ta yarda kunu ya wuce ranarsa. Da na ɗauka tsabar tsafta ce. Kwanan da ƙullun ke yi kafin a tace shi ne ke ba shi ɗan tsamin nan irin na nono. Idan aka ƙara masa kwanaki cikin zafin bazara, yis ya samu sukarin ya cinye, ya bar barasa. Ta wannan hanyar ake yin burkutu da jar dawa, tsiron kuwa iri ɗaya ne.

Rannan Yaya ta manta da ragowa a bayan ƙofa har kwana biyu. Da aka buɗe, ga kumfa tana tasowa, tana ƙara ƙasa-ƙasa. Goggo ko leƙawa ba ta yi ba, daga warin ta gane.

"Maza a kifar a lambatu. A wanke tukunyar da toka, a kife ta a rana."