Kai Yara Bikin Legoland: A Fara da Awon Tsayi

Da an shiga dogon hutu, iyalai da dama daga Kano, Kaduna da Abuja kan je Ingila wajen 'yan'uwa masu karatu ko masu aikin asibiti. Cikin alkawuran da ake yi wa yara tun kafin a hau jirgi akwai kai su wurin wasa, kuma Legoland na garin Windsor, yamma da Landan, yana cikin wuraren da aka fi ambata. An buɗe shi a 1996 a filin wani tsohon gandun namun daji, an gina shi ne don yara daga kimanin shekara uku zuwa sha biyu, da tubalan roba na kamfanin Lego wanda asalinsa garin Billund ne a ƙasar Denmark. Wuri ne mai daɗi ga wanda ya shirya. Wanda ya je da ka kuwa, zai kashe kuɗi masu yawa ya yini a layi, ya dawo da yara suna kuka.

Abu na farko shi ne sanin ko bikin da aka gani a talla zai zo daidai da lokacin zuwanku. A 2025 wuraren Legoland sun yi abin da suka kira LEGO Festival daga 3 ga Mayu zuwa 8 ga Yuni, gabanin 11 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wasan yara. An yi kiɗa da rawa, da wasannin kwamfuta, da rumfunan da yara ke zama su gina abin da suka ga dama. To amma makarantun Najeriya ba sa ba da dogon hutu sai wajen ƙarshen Yuli, wato wanda ya iso a Agusta ya tarar an daɗe da watsewa. Ranakun biki suna canzawa kowace shekara, kuma ba kullum ake yinsa ba ko a cikin makonnin da aka sanar. Saboda haka a duba kalandar wurin rana-rana kafin a sayi tikitin jirgi. In bai zo daidai ba, ba wata asara ba ce babba. Biki ƙari ne a kan abin da ke nan kullum, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya bambance ranar biki da wadda ba ta biki ba muddin ya hau jirgin ƙasa mai kan dodo.

Ga masu tahowa daga gida, biza ce ke tsara komai. Ana iya neman bizar ziyara ta Birtaniya wata uku kafin tafiya, kuma a ƙa'ida amsa kan fito cikin mako uku, sai dai lokacin zafi lokacin cunkoso ne. Kada a biya kuɗin shiga wurin wasa sai fasfo ya dawo hannu, domin tikitin mai rahusa na rana ɗaya ne takamaimai.

Daga nan sai a ɗauko tef ɗin tela, a jingina kowane yaro da bango, a auna tsayinsa, a rubuta. A nan ne mafi yawan shirin yake. A wurin wasa irin wannan ba a cika tambayar shekarun yaro ba, tsayinsa ake dubawa. A bakin kowane lilo akwai ma'auni, da ma'aikaci a tsaye, kuma ba ya jin roƙo. Ba rashin mutunci ba ne: ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an ƙera shi ne don jiki mai wani girma, ƙaramin yaro zai iya sulluɓewa ta ƙarƙashinsa. Iyakokin da aka fi cin karo da su uku ne, santimita 90, mita ɗaya, da santimita 130. Wanda bai kai 90 ba yana shiga kyauta, amma abin da zai hau kaɗan ne. Daga mita ɗaya ƙofofi da yawa suna buɗewa, har da The Dragon, wato jirgin nan mai kan dodo, wanda shi ne yara suka fi rububinsa. Wanda bai kai 130 ba kuwa, a yawancin manyan lilon sai da babba a gefensa.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ke rikita iyalanmu, domin mu ba 'ya'ya biyu muke fita da su ba. A ce uwa da uba sun zo da yara huɗu: goyo, da mai santimita 105, da mai 120, da babbar yaya mai 140. Kujerun lilo da yawa bibbiyu ne. Uwa tana riƙe da goyo, uba zai zauna da ɗaya daga cikin na tsakiya, ɗayan fa? Yayar ta isa ta hau ita kaɗai, amma ba ta isa ta zama mai rakiya ba. Sai dai a bi layi sau biyu, kuma layin rana tsaka a watan Agusta yana iya cin sa'a guda. Mafita ita ce a lissafa manya bisa yawan yaran da ke tsakanin 90 da 130, a roƙi gwaggo ko kawu da ke zaune a can su zo. Kuɗin tikitinsu ya fi sauƙi a kan yinin da za a ɓata. Akwai kuma tsarin da ke barin iyaye su yi karɓa-karɓa, ɗaya ya hau yayin da ɗaya ke riƙe da jariri, sannan su sauya ba tare da sake bin layi ba. A tambaya a ofishin baƙi da ke bakin ƙofa tun da safe.

Akwai kuma makarantar tuƙi. Manyan yara suna tuƙa ƙananan motoci masu lantarki a titi mai danja da shataletale, a hannun hagu kamar yadda ake yi a Ingila, ƙanana kuma suna da nasu filin dabam. A gaya wa yaro tun a gida wanne zai shiga, kada ƙarami ya sa rai da motar yayansa.

In an gama da tsayi sai zaɓen rana. Makarantun Ingila suna hutu daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kusan mako shida, kuma a wannan lokacin babu ranar da za a kira fayau. Duk da haka tsakiyar mako ya fi Asabar da Lahadi sauƙi. Wanda ya sami damar zuwa a watan Yuni ko farkon Yuli, ranar da 'yan makarantar can ke aji, shi ya more. Tikiti a saya ta intanet kwanaki kafin ranar, domin farashin bakin ƙofa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ana kuma sayar da damar tsallake layi da kuɗi na dabam. A ganina iyali mai mutum shida ya fi cin riba in ya bar wannan ya yi sammako.

Daga Landan hanya biyu ce ta jirgin ƙasa: daga tashar Waterloo kai tsaye zuwa Windsor & Eton Riverside, kimanin sa'a guda, ko daga Paddington a sauya a Slough zuwa Windsor & Eton Central. Daga cikin gari akwai bas zuwa wurin, tafiyar kamar mil biyu. Mai mota zai biya kuɗin ajiye ta dabam. Ana buɗewa ƙarfe goma na safe, a kasance a ƙofa kafin nan.

Wurin a jikin tudu yake. Ƙofar shiga tana sama, inda ake hango fadar Windsor, wasannin kuma suna gangare. Da safe kowa na sauka da gudu, da yamma sai a hau da yaro a kafaɗa. Akwai ɗan jirgin da ke hawa da sauka da mutane, amma lokacin tashi kowa shi yake jira. Don haka ko yaron da ya daina hawa keken jarirai, in bai wuce shekara huɗu ba, a taho masa da shi. Da an shiga a wuce kai tsaye zuwa lilon da yara suka fi so, tun layi bai yi tsawo ba. Miniland, inda aka gina Landan da wasu biranen duniya da miliyoyin tubala, ba shi da layi, saboda haka a bar shi sai tsakar rana lokacin da ko'ina ya cika. Haka ma rumfunan biki.

Abinci a taho da shi. An yarda a shiga da guzuri, kuma akwai ciyawa da bencina. Garin Slough yana da Musulmi da yawa da shagunan naman halal, ana iya yin cefane a can a dafa shinkafa da kaza tun dare. Alewar roba-roba ta cikin shaguna a karanta bayanta, domin da yawanta ana haɗa ta da sinadarin da ake samu daga alade. A riƙe katin banki da aka tabbatar yana aiki a waje, wuraren nan kati suke so. Sallah kuwa, a lokacin zafi azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya, la'asar bayan biyar, magariba a ƙarshen Yuni sai bayan tara na dare. Azahar ce kawai za ta riske ku a ciki tabbas. A sa ƙaramar darduma a jaka, a tambayi ma'aikata wuri mai natsuwa.

Yanayin Ingila ba a yi masa alkawari. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a ƙasar, amma kuma rana ɗaya tana iya farawa da hantsi mai kyau ta ƙare da yayyafi da iska mai sanyi. Kowane yaro a sa masa rigar ruwa mara nauyi, da hula, da kayan canji, domin akwai filin wasan ruwa a sashen ƙanana kuma babu yaron da zai gan shi ya wuce. Kafin a shiga, a ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar, a rubuta lambar waya ta Ingila a takarda a sa masa a aljihu, a nuna masa rigar ma'aikata a ce: "In ba ka ga Mama ba, kada ka yi yawo, ka je wajen mai irin wannan rigar."

Saura babban shagon kayan wasa, wanda aka ajiye daidai bakin ƙofar fita. A yanke wa kowane yaro adadin abin da zai kashe tun a gida, a faɗa masa, kuma a shiga shagon kamar sa'a guda kafin tashi, domin da an rufe lilo duk jama'ar wurin can suke nufa.