Kwamfuta Ta Zama Magatakardar Ruwan Sama

Kowace shekara in bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, gardama ɗaya ce a bakin jama'a: shin ruwan nan da aka yi jiya na shuka ne, ko kuwa na yaudara? Wannan ya ce ƙasa ta jiƙu har kamu guda, wancan ya ce ko ƙura bai kwantar ba. Wanda ya yi gaggawa ya zuba irinsa, sa'an nan sama ta ɗauke har mako biyu, to, ya yi hasarar iri ya yi hasarar wahala, sai ya koma neman wani a lokacin da ya fi tsada. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da ma'aunanta, amma ba kowane ƙauye su ke ba. Ruwan ƙasar nan kuwa kowa ya san halinsa, ya kan kwarara a wannan unguwa ya tsallake ta kusa da ita. Don haka ne muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin yadda muka kafa 'yar tashar auna yanayi a gida, muka haɗa ta da kwamfuta, da kuma abin da ya same mu a hanya.

Kayan kashi biyu ne. Akwai na waje, wanda a ke ɗaurawa a bisa sanda, ya ƙunshi ma'aunin zafi, da na laimar iska, da 'yan kofuna uku masu juyawa don auna ƙarfin iska, da kibiya mai nuna inda ta fito, da ma'aunin ruwan sama. Akwai kuma na ɗaka, ɗan akwati mai fuskar gilashi, wanda ke karɓar labari daga na waje ta hanyar rediyo, shi ne kuma ya kan auna nauyin iska. Ma'aunin ruwan shi ya fi ba mu sha'awa. Mazurari ne, a ƙarƙashinsa akwai 'yan cokula biyu a jere kamar sikeli. In ɗaya ya cika sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya tashi ya tari ruwan, kowane rinjaye kuwa sai wani ɗan maganaɗisu ya gifta ya ba da alama guda. A irin na kamfanin Davis na Amurka, kowace alama milimita 0.2 ce, ko kuwa kashi ɗaya cikin ɗari na inci. Kada mai karatu ya raina milimita. In an ce an yi milimita ɗaya, watau lita ɗaya ke nan ta sauka a kan kowane murabba'in mita, lita 10,000 a hekta guda. Inci ɗaya da iyayenmu suka saba ji a bakin malaman gona milimita 25.4 ne.

Kafin a taɓa kwamfuta sai a zaɓi wuri. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a sa ma'aunin zafi tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, cikin inuwar murfinsa, inda iska ke ratsawa. Wanda ya ɗora shi a kan rufin kwano, zafin kwano zai riƙa aunawa. Mazurarin ruwa kuma a nisanta shi da bango ko itace, aƙalla ninki biyu na tsawon abin, a kuma tabbata bakinsa bai karkata ba.

Akwatin ɗaka yana nuna abin da ke faruwa yanzu, amma riƙonsa kaɗan ne. Nan ne kwamfuta ke shigowa, ta zama magatakarda mai rubutu dare da rana. A kan haɗa su da wayar USB, sa'an nan a sa mata manhaja, watau tsarin umurnin da za ta bi. Sanannu a wannan aiki su ne WeatherLink na kamfanin Davis, da Cumulus, da kuma WeeWX wadda wani Ba'amurke, Tom Keffer, ya fara rubutawa, a ke kuma ba da ita kyauta. Mu WeeWX muka zaɓa, domin tana jin maganar tashoshi iri iri, ba ta kuma bukatar sabuwar kwamfuta. Wata tsohuwa da aka jingine a lungu muka kakkaɓe, muka sa mata tsarin Linux.

Yayin da a ke sa ta, manhajar za ta yi 'yan tambayoyi, lalle ne kuwa a amsa su da natsuwa. Za ta tambayi sunan wuri, da matsayinsa a taswirar duniya, da tsawonsa daga bakin teku. Wannan na ƙarshe ba tambayar banza ba ce. Nauyin iska yana raguwa kamar miliba ɗaya a kowace mita takwas da mutum ya hau, saboda haka a Kano, wadda ta ɗara teku da kimanin mita 480, bambancin ya haura miliba 50. In aka bar wurin babu kome, lissafinka ba zai taɓa daidaita da na kowa ba. Za ta tambayi ma'aunin da ka ke so ka gani, inci ko milimita. Za ta kuma tambayi irin tasharka, nan ne tarko ya ke. A cikin jerin sunayen akwai wata tashar ƙarya da aka tanada don gwaji, wadda ke ƙago zafi da ruwa da kanta don a ga ko kome yana aiki. Abin yana da amfani, amma wanda ya gwada da ita, lalle ya share abin da ta rubuta kafin ya haɗa ta gaskiya, in ba haka ba zai tarar da ruwan da Allah bai saukar ba a farkon littafinsa.

Da an gama, kowane minti biyar sai manhajar ta rubuta layi guda a cikin wani kundi da a ke kira weewx.sdb, ta kuma sabunta shafi mai zane-zane na yini, da mako, da wata, da shekara. Layi 288 ke nan a yini, fiye da 105,000 a shekara. Mako na fari mun zama kamar yaron da aka saya wa sabon agogo. Mun ga da idonmu cewa sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana, zafi kuwa ba tsakar rana ya ke kai matuƙa ba, sai wajen azahar zuwa la'asar.

To, ga inda muka ji jiki. Ruwan farko mai ƙarfi da dare ya zo, da iska da tsawa, wuta kuma ta ɗauke kamar yadda ta saba in hadari ya taso. Da aka kawo ta kwamfuta ta tashi, fitilarta tana haske, mu kuma hankalinmu kwance. Sai bayan kwana huɗu, da maƙwabcinmu ya zo tambaya ko ruwan nan ya isa ya shuka geronsa, muka duba, muka tarar littafi fari fat tun daga daren. Ashe ɗan batirin nan mai kama da sulai da ke riƙe agogon kwamfuta ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta ɗauke sai agogo ya koma baya da shekaru, rubutu ya tsaya. Tashar da muka saya kuma mai araha ce, ba ta ajiyar kome da kanta. Laifinmu ne, gama mun san tsohuwa ce muka ƙi dubawa. Maƙwabci ya yi dariya, ya tafi ya tona ƙasa da hannu kamar yadda kakansa ya ke yi.

Tun daga ran nan muka sake batirin, muka sa kwamfuta ta riƙa daidaita agogonta ta intanet, muka kuma haɗa ta da batirin hasken rana. Mai hali ya nemi tashar da ke da ma'ajiya a cikinta. Ta Davis tana riƙe layi 2,560, kusan kwana tara ke nan in minti biyar biyar a ke rubutawa, da kwamfuta ta dawo sai manhaja ta kwashe abin da ya wuce ta. Masu son 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi don ƙarancin cin wutarta su lura, waɗanda suka riga ta biyar, wadda ta fito a 2023, ba su da agogo na kansu, sai an ƙara musu.

Sauran aikin na tsani ne da tsumma. Hunturu ya kan cika mazurari da ƙura, zanzaro ya kan yi gini a maƙogwaronsa, gizo-gizo kuma ya ɗaure cokulan su kasa rinjaya. Kwamfuta ba ta san wannan ba, sifiri za ta yi ta rubutawa ko da ana ambaliya. Kafin damina a wanke, a kuma gwada. In bakin mazurari murabba'in santimita 200 ne, mililita 200 na ruwa da aka ɗiga a hankali ya kamata ya nuna milimita 10. Amma a tuna a cire ruwan gwajin daga lissafi.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? A 1988 wani masani, Sivakumar, da ke aiki a cibiyar binciken gona ta ICRISAT kusa da Yamai, ya tsara ƙa'idar gane faɗuwar damina a ƙasashen Sahel: bayan 1 ga watan Mayu, a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kada kuma a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa a cikin kwana 30 masu biyowa. Rabin ƙa'idar sai bayan wata guda a ke sanin ta cika, don haka lissafin shekara ɗaya ba ya gaya wa manomi abin da zai yi gobe. Wanda ya tara na shekaru da yawa shi ne zai iya cewa sau nawa ruwan farkon Mayu ya yaudari garinsu. Masana kan jira shekara 30 kafin su ce ga al'adar yanayin wuri, lissafin ruwan Kano kuwa darajarsa ita ce tun 1905 a ke rubuta shi.

Saboda haka yanzu ran ɗaya ga kowane wata mu kan tsai da manhajar na ɗan lokaci, mu kwafe kundin nan a filashi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wurin ɗan'uwanmu. Mun kuma kafa ma'aunin ruwa na hannu kusa da sandar, kowace safiya a duba shi a rubuta a littafin makaranta, sa'an nan a gwada da abin da kwamfuta ta ce.