Noma Da Kiwo: Sake Wa Motar Gona Inji

Kowace shekara in an gama kaka, aka kuma kwashe albasa da shinkafar rani, kuɗi ya ɗan zauna hannun manoma, a kan ga sababbin abubuwan hawa a Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, har can Kebbe da Kuchi. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi babur, wanda ya fi shi ya sayi akori-kura, waɗansu manyan manoma kuwa su kan kai ga jif, don hanyoyin fadama akwai yashi da rani, akwai taɓo da damina. Cikin jif ɗin nan har da tsofaffin Range Rover masu sufacaja, waɗanda a kan samu da araha saboda sun sha jiki kafin su iso. Ana nan, wata rana inji ya buga, mota ta kwanta gindin bishiya. Daga nan masu ba da shawara su yi yawa, wannan ya ce a sa mata injin Toyota, wancan ya ce a mai da ita mai shan man gas. Kuɗin inji kuwa ya kan cinye ribar gona ta shekara guda, saboda haka ya kamata mai mota ya san yadda al'amarin ya ke kafin ya kwance bakin aljihu.

Inda Zancen Ya Samo Asali

Dattawa da suka san Land Rover ta zamanin En'e su kan ce ai sake inji ba wani abu ba ne, kuma a zamaninsu gaskiya suka faɗa. A 1958 kamfanin ya fito da injin fetur mai lita biyu da kwata, a 1961 ya fito da na man gas mai girman nan, su biyun kuwa kamar wa da ƙane su ke, bakinsu ɗaya inda su ke haɗuwa da akwatin giya. Wayoyin motar ba su da yawa, makaniki mai basira ya iya bin su ɗaya ɗaya. Motar yanzu ba haka ta ke ba.

Manomi ya san auren itatuwa. In aka yanko reshen lemun zaƙi aka ɗaura bisa lemun tsami ya kan kama, don dangi ne. In aka ɗaura shi bisa mangwaro, kome gwanintar mai ɗaurin, bushewa zai yi. To, haka inji da mota su ke, sai an duba dangantaka tukuna.

Mene Ne Sufacaja?

Inji yana ƙona mai ne da iska. Sufacaja wata na'ura ce da ke zaune bisa kan inji, bel na juya ta, tana tura iska ciki da ƙarfi kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura gawayi. In iska ta yi yawa sai a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Bambancinta da turbo shi ne, turbo hayaƙin da ke fita daga inji ke juya shi, ita kuwa injin da kansa ke jan ta.

Tun da ya ke iskar ta riga ta shigo a matse, masu ƙira su kan rage matsin da fistin zai yi mata. A injin Range Rover mai lita 5.0, marar sufacaja yana matse iska ninki 11.5, mai sufacaja kuwa ninki 9.5 kaɗai. Wanda ya ɗauko sufacaja ya ɗora bisa injin da ba a ƙera dominta ba, matsi zai wuce kima, mai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, fistin ya ƙone. Har wa yau iskar da aka matse ta kan yi zafi, don haka motar tana da wani ƙaramin lagireto na dabam da famfonsa, mai sanyaya iskar kafin ta shiga.

Kama Da Wane Ba Ta Wane

Babban abin da ke ruɗin masu saye shi ne sunan girman inji. Daga 2002 zuwa 2005 babbar Range Rover tana ɗauke da injin BMW na Jamus mai lita 4.4, da giya biyar. Daga 2005 aka koma injin Jaguar na Ingila, shi ma lita 4.4, amma da giya shida. Suna ɗaya, girma ɗaya, amma ɗaya ba ya zama mazaunin ɗaya. A shekarar nan ta 2005 aka fito da mai sufacaja, lita 4.2, ƙarfin doki wajen 390, alhali ɗan'uwansa mai 4.4 bai wuce wajen 300 ba. A 2009 kuma aka kawo mai lita 5.0, wanda mai sufacajarsa ya kai doki 510. Shi wannan yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da famfo mai matsi ƙwarai, saboda haka kayan man na 4.2 ba su yi masa aiki. Wanda ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya ce a kawo masa "injin Range" kawai, ya sayi rigima da kuɗinsa. Tilas a faɗi shekarar mota, da lambar shasi, da lambar tsohon inji.

Abubuwa Huɗu Da Za A Duba

Na fari, mazauni. Ramukan kusoshin da ke haɗa inji da akwatin giya su yi daidai, ƙafafun inji su sauka inda aka yi musu wuri. A babbar Range Rover ta 2002 zuwa 2012, sandar da ke juya tayar gaba ta ratsa ta cikin kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Don haka ko injin ƙaramar motar Jaguar, da ya ke danginsu ɗaya, ba ya shiga sai an sake masa kwano da waɗansu ƙarafa.

Na biyu, kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos. Wannan shi ne mai wuyar duka. Kwamfutar inji tana magana da ta giya, da ta birki, da ta jakunkunan iskar da motar ke zaune a kansu maimakon sifirin, da kuma makulli. In aka sa baƙuwa, sauran ba su jin harshenta. Sai mota ta ƙi tashi, ko ta tashi giya ta ƙi shiga yadda ya kamata, ko kuwa ta durƙusa ƙasa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Motar da ta durƙusa ba ta ƙetare kunya ɗaya ta gona.

Na uku, sanyaya da mai. Zafin Maris zuwa Mayu a ƙasar Sakkwato ya kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayi da ciyawa masu toshe idon lagireto. Injin da ya fi na da ƙarfi ya fi shi zafi, lagireton da ya ishi wancan ba zai ishi wannan ba. Mai sufacaja kuma yana son fetur mai tsabta. Man kwalba na bakin hanya, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, shi ne ajalinsa.

Na huɗu, takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da sunan mai sayarwa, a kai ofishin lasin a gyara. Wanda ya yi sakaci da wannan, ranar da aka tsai da shi a hanyar Sakkwato zuwa Jega aka ga lamba ta saɓa, zai sha tambaya, in kuwa injin na sata ne, abin ya wuce tambaya.

Hanyoyi Uku

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemo inji irin na da sak, na shekarun nan, mai sufacaja in na da mai sufacaja ne. Wayoyi da kwamfuta da giya duk na motar za su karɓe shi.

Ta biyu ita ce a sa ɗan'uwansa marar sufacaja. Ƙarfi zai ragu, amma doki 300 ya ishi jan tirelar taki har da saura. Sai dai lalle a sayo shi da wayoyinsa da kwamfutarsa, a kuma sami mai na'urar da zai daidaita su da motar. Kafin a biya kuɗi a tabbata akwai mai wannan aiki, ya kuma taɓa yin irinsa an gani.

Ta uku ita ce a sa baƙon inji, galibi na Toyota, kamar 2UZ mai lita 4.7 na Land Cruiser. Dalilin masu son haka a fili ya ke, kayan gyaransa sun fi samuwa, makanikai sun fi saninsa. Amma shi ba ya shiga shi kaɗai, sai da akwatin giyarsa, da sake sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, da walda, da yanke wayoyi. In ba a yi hankali ba, sai a ƙare da motar da tayoyin baya kaɗai ke ja, alhali don jan taya huɗu aka saye ta. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Akwai kuma masu sha'awar komawa man gas. Su sani injin man gas ya fi nauyi, ba ya kuma juyawa da sauri kamar na fetur, saboda haka giyar da aka auna domin fetur ba ta dace da shi ba, ga tanki da bututun mai da za a sake. Sau da yawa in aka yi lissafi, gara a sayar da motar yadda ta ke, a cika a sayi Hilux ko Land Cruiser da aka ƙera da injin man gas tun asali.

Wajen Saye

Injin da ya zo daga ƙetare, wanda a ke kira ɗan Beljiyam, ba a san tarihinsa ba. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga mai, a bar shi. A sa sifana a juya shi, a ji ko yana juyawa sumul. A cire fulogi a duba, in da hali a auna matsin kowace silinda. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, cewa in ya ƙi aiki cikin kwana kaza za a mayar.

Sa'an nan a binciki abin da ya kashe na da. In zafi ne, watakila lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko bututun roba da ke ƙarƙashin sufacaja ya tsufa ya tsage. In ba a gyara wannan ba, sabon zai bi sawun tsohon.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan an kwashe amfanin fadama, watau Afrilu zuwa farkon Mayu, don a sami makonnin gwada motar kusa da gida. Wanda ya bari har ruwa ya sauka a Yuni, taki da iri na jiran a kai su gona, mota kuwa tana garejin birni an zazzage cikinta, zai biya kuɗin inji, ya biya kuɗin haya, shuka kuma ta makara.