Hayar Gida a Tsakiyar Abuja: Wane Ne Zai Biya Dizal?

Dillalan gidaje a Wuse II da Garki da Jabi suna da kalma guda da suke jan hankalin mai neman gida da ita: "Alhaji, komai a ciki, wuta da ruwa da maigadi, kai dai ka shigo da kayanka." Ga ma'aikacin da ya gaji da cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa kowace safiya, wannan magana tana da daɗin ji. Sai dai a Abuja, "komai a ciki" ba kasafai yake nufin an gama biya ba.

A yawancin irin waɗannan gidaje kuɗi kashi biyu ne: kuɗin haya na shekara, sai kuɗin hidima da ake biya daban domin dizal ɗin janareto da albashin masu gadi da shara da gyaran famfo. Na farkon yana tsaye har shekara ta zagayo. Na biyun kuwa, idan yarjejeniya ba ta ɗaure shi ba, takarda guda daga manajan gida ta isa ta ninka shi a tsakiyar shekara. Kafin ma a miƙa makulli akwai la'adar dillali, wadda aka saba yanka kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna.

Wuta ce uwar rigimar. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga farashin lantarki na masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya. Unguwanni da dama na tsakiyar birnin suna cikin wannan rukuni. A lokacin dizal ma ya riga ya haura naira dubu kowace lita. Mai gidan da ya yi alkawarin wuta dare da rana da tsohon lissafi ba zai yarda ya ci asara ba: ko ya nemi ƙari, ko ya rage awannin janareto, ko a wayi gari an hana kunna na'urar sanyaya ɗaki idan wutar gwamnati ta ɗauke. Wanda ya san zafin Abuja a watan Maris ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Saboda haka mai hankali yana neman a nuna masa mita da idonsa. Ta kamfanin AEDC ce mai kati, ko ƙaramar mita ce da masu gidan suka saka suna sayar da wuta a farashinsu? Idan ta kamfani ce, ya bincika ko akwai tsohon bashi a kanta, domin akan cire shi ne a duk lokacin da aka sayi kati, ba ruwan mita da wanda ya sha wutar.

Ruwa kuma, ya buɗe famfon banɗaki ya gani. Wasu gidajen suna kan bututun hukumar ruwa ta birnin tarayya da ke jawowa daga madatsar Usuma, wasu rijiyar burtsatse ce, wadda ita ma ba ta aiki sai da wuta. Kuɗin shara na hukumar AEPB shi ma a fayyace wanda zai biya. Mintuna biyar na hira da maigadi ko wani ɗan haya a harabar gidan sun fi awa guda da dillali amfani.

Duk abin da aka amince a kai ya shiga takarda: awa nawa janareto zai yi, yaushe za a iya ƙara kuɗin hidima, yaushe za a mayar da kuɗin ajiya. Haka ma wa'adin tashi. Dokar da ke aiki a birnin tarayya ta ba mai hayar shekara sanarwar wata 6, mai hayar wata kuma wata 1, sannan ƙarin kwana 7 kafin a je kotu. Amma idan ɗan haya ya sa hannu a yarjejeniyar da ta rage wannan wa'adi, da abin da ya sa wa hannu kotu za ta yi aiki.