Wayar wuta mai kan 'L': Ƙaramin abin da ke ceton talabijin ɗin da aka manna a bango

A watan jiya na kai ziyara gidan ƙanwata, sai na lura talabijin ɗin falonta na ɗaukewa duk lokacin da yara suka buga ƙofa da ƙarfi. Ita ta riga ta yanke hukuncin cewa talabijin ɗin ce ta tsufa. Da na leƙa baya da fitilar waya, sai na ga kan wayar wutar a matse tsakanin talabijin da bango, ya lanƙwashe, robar wuyansa har ta fara tsagewa. Da na taɓa shi, akwai ɗumi.

Wannan matsala tana gidaje da shaguna da yawa, musamman yanzu da kowa ke rataye talabijin a bango ko tura teburin kwamfuta can lungu don a samu wurin shimfiɗa. Miƙaƙƙen kan waya yana buƙatar santimita da dama a bayan na'ura kafin wayar ta karkata ƙasa a hankali. Idan babu wannan sarari, dole a tanƙwara ta.

A cikin robar nan akwai siraran zaruruwan jan ƙarfe masu yawa. Matsi da lanƙwasa a wuri guda suna tsinka su ɗaya bayan ɗaya, sai 'yan kaɗan da suka rage su ɗauki wutar da dukkansu ya kamata su ɗauka, wurin ya riƙa zafi. Haka kuma matsin yana karkatar da kan a cikin raminsa, haɗuwar ta yi sako-sako, a fara tartsatsi. Wani lokaci ma ramin ne ke ɓallewa daga allon cikin na'urar, aikin da sai an je wurin mai gyara. Mafi muni shi ne duk wannan na faruwa ne a inda ido ba ya gani, sau da yawa kusa da labule.

Maganin ba shi da tsada: waya mai kai mai siffar harafin L, wadda da an soka ta sai ta bi jikin na'urar maimakon ta tunkari bango. Ta ɓangaren soket ba mu da damuwa sosai a Najeriya, domin filogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi dama ta ƙasa wayarsa ke fita. Ɓangaren da ke shiga na'ura ne abin dubawa.

Kawunan iri-iri ne. Akwai mai rami biyu kamar lamba 8, wanda ake kira C7, ana ganin sa a rediyo, wasu dikoda da talabijin da kuma PlayStation. Akwai C5 mai ramuka uku masu zagaye, na cajar laftof. Sai babban C13 na kwamfutar tebur, firinta da wasu manyan talabijin. Biyun farko amfiya 2.5 aka tsara musu, C13 kuwa amfiya 10.

Inda mutane suka fi asarar kuɗinsu shi ne zaɓen ɓangaren da kan zai fuskanta. C7 ba shi da wahala, ana iya juya shi a soka ta kowace fuska. C13 kuwa hanya ɗaya yake shiga, kuma akwai mai karkata hagu, dama, sama ko ƙasa. Idan ka ɗauko wanda bai dace ba, zai iya toshe ramin HDMI ko makunni, ko wayar ta nufi sama ta sake lanƙwashewa. Kada ka dogara da “hagu” ko “dama” da mai shago ya faɗa, domin hagun wani daman wani ne. Ɗauki hoton bayan na'urarka, ka tafi da tsohuwar wayar kasuwa a gwada a gabanka.

Sannan ka duba rubutun jikin wayar. Mai kyau tana ɗauke da kaurinta, kamar 0.75 ko 1.0, kuma filoginta na da fis a ciki. Wadda ta yi sauƙi a hannu kamar babu komai a cikinta, ko ƙafafunta ke motsi, ka bar wa mai ita, ko da rabin kuɗi ya ce. A ganina gara miƙaƙƙiya mai inganci a ɗan janyo tebur gaba, da mai kan L ta jabu.

Wasu talabijin wayarsu a haɗe take da jiki, ba a cirewa. Irin waɗannan kada a yanke a yi ɗori da salatif. Mai ratayewa ya ƙara tazara tsakanin ƙarfen da bango. Kuma samun waya mai kwanciya ba dalili ba ne na manna na'ura da bango ƙam, domin ramukan da ke bayanta na fitar da zafi ne, ballantana a watannin Maris da Afrilu.

Ta ƙanwata C7 ce. Muka sauya, yara suka ci gaba da buga ƙofa, talabijin ba ta sake ɗaukewa ba.