Rishon Lantarki A Gidajen Birnin Lafiya: Wutar Da Ba A Ganin Harshenta

Tun daga ran 1 ga watan Oktoba na 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanki Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato ta mai da Lafiya hedkwatarta, garin bai daina faɗaɗa ba. Ma'aikata sun zo, 'yan kasuwa sun zo, sa'an nan da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011 ɗalibai suka ƙara cika gidajen haya. A cikin waɗannan gidaje, tun daga Bukan Sidi har Shabu, rishon lantarki ya sami wurin zama kusa da murhun gawayi da tukunyar gas, musamman bayan da kananzir ya yi tsadar da talaka ba ya iya tunkararsa.

Samuwar wuta ita ma ta taimaka. A watan Fabrairu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar lantarki da aka gina a Akurba, wadda ta haɗa garin da manyan layukan wuta na ƙasa. Rarraba wutar zuwa gidaje kuwa, tun a watan Nuwamba na 2013 aka danƙa shi ga kamfanin AEDC, bayan zamanin NEPA da PHCN ya shuɗe.

Babu shakka girki da lantarki yana da alheri. Ba hayaƙi, ba toka, ba baƙin tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙarsa. To, amma wutar itace ana ganin harshenta, ana jin ƙaurinta, ko yaro ya san ya ja da baya. Ta lantarki kuwa a ɓoye take aikinta, kuma mafi yawan haɗarinta ba a kan rishon yake ba, yana cikin bango inda waya ta bi, da kuma cikin halin mai amfani da shi.

RISHO BA REDIYO BA NE

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauki risho kamar rediyo ko fanka, watau abin da za a saye a kasuwa a zo a cusa a kowane soket da aka tarar. Alhali kuwa ƙaramin risho mai kai ɗaya yakan ja wuta wat 1,000 zuwa 1,500. Wat 1,500 daidai yake da a kunna ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, har guda 25 a lokaci ɗaya. Mai kai biyu yakan kai wat 2,500. Babban mai kai huɗu da tanda kuwa, idan aka kunna shi gaba ɗaya, yana iya haura wat 7,000.

Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, soket na bango mai rami uku kuma an yi shi ne don ɗaukar amfiya 13. Idan aka yi lissafi, iyakacin abin da zai ɗauka bai wuce wat 3,000 ba. Ke nan ƙaramin risho yana iya zama a kan soket na bango, muddin soket ɗin mai kyau ne, kuma shi kaɗai ne a kansa. Babban risho kuwa sam bai halatta a sa masa filogi ba. Lalle ne a ja masa wayarsa ta kansa tun daga akwatin rarraba wuta na gidan, yawanci mai kaurin milimita 6, da bireka ta kansa mai amfiya 32, da babban makunni a bango wanda yake yanke wayoyin biyu gaba ɗaya. Makunnin nan a gefe ake kafa shi, inda hannu zai kai ba tare da an miƙa ta saman tukunya ba, domin ranar da mai ya kama da wuta ba a so a ratsa ta cikin harshenta kafin a kashe.

Abin da ya fi kowane muni shi ne doguwar wayar nan mai soket da yawa da ake ja daga ɗaki zuwa tsakar gida. Galibinsu siraran wayoyi ne a ciki, an yi su ne don cajin waya da talabijin. Idan aka ɗora musu risho sai su yi ta ɗumi a hankali, robar ta yi laushi, ta narke, wayoyin su haɗu. Sau da yawa kuma a ƙarƙashin leda ko darduma aka bi da su, inda ba mai gani sai hayaƙi ya tashi.

WAYA DA MAI WAYARIN

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar wajen sayen waya. Akwai wayoyin jabu waɗanda aka rubuta musu kaurin da ba su kai ba, akwai kuma waɗanda cikinsu alminiyam ne aka shafa masa ruwan tagulla a sama. Idan aka kankare bakin wayar da wuƙa aka ga fari ya bayyana, to ba tagulla ba ce. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, ita ke da alhakin tantance irin waɗannan kaya, saboda haka kamata ya yi mai saye ya nemi shaidarta, ya kuma sayi kayansa a kantin da zai iya komawa idan an cuce shi.

Haka nan ba kowane mai riƙe da filaya da sukundireba ne ya cancanci ya taɓa wayarin gida ba. Tun 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA, wadda take duba ayyukan lantarki tana kuma ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Maigida yana da iko ya ce a nuna masa wannan takarda kafin a soma aiki, kuma ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba.

Abu biyu ne za a tabbatar ya yi. Na farko wayar ƙasa, watau wadda ake haɗawa da jikin rishon a kai ta ga sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa. Ita ce mai launin kore da rawaya, ko kore zalla a tsofaffin gidaje. Amfaninta shi ne, idan wata waya ta kwance a ciki ta taɓa ƙarfen rishon, wutar za ta bi ta nan ta gudu cikin ƙasa, fiyus ya ƙone ko bireka ta faɗi, maimakon ta jira hannun uwargida. Gidajen haya da yawa waya biyu kawai aka ja musu, ramin soket na uku ado ne kurum. Na biyu kuma ita ce birekar nan mai jin yoyon wuta, wadda take faɗuwa cikin ƙiftawar ido da zarar wutar da ta ɓace ta kai miliamfiya 30. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, ana so a riƙa danna shi lokaci lokaci a ga ko tana aiki.

A gidan da haya ta haɗa ɗaki goma a kan waya ɗaya da aka ja don ƙwai da fanka, idan ɗaki huɗu suka kunna risho da magariba, wayar da ke cikin silin ce take shan wahala. Wajibi ne mai gidan haya ya sani, ya kuma gyara, tun kafin ya yi asarar gidan da abin da ya fi gida.

IDAN AN ƊAUKE WUTA

Babban haɗarin da ya keɓanta da ƙasar da wuta ba ta tsayawa shi ne wannan: uwargida ta ɗora miya, aka ɗauke wuta, ta sauke tukunyar ta mai da ita kan gawayi, ta manta ba ta kashe rishon ba. Da rishon ya huce sai a ɗora masa tire, ko tsumma, ko robar abinci. Can cikin dare, ko bayan kowa ya tafi aiki an kulle ƙofa, sai a kawo wuta. Rishon ba ya ƙara, ba ya wari, sai dai ya yi ja shiru har abin da ke kansa ya kama. A lokacin hunturu, sa'ad da iska take kaɗawa kome ya bushe, minti kaɗan sun isa wuta ta kai rufi.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Da zarar an ɗauke wuta, kafin a nemi fitila, a kashe rishon, a kashe makunnin bango, ƙarami kuma a zare filoginsa. A mai da wannan al'ada kamar rufe ƙofa da dare, a koya wa 'yan mata da masu aiki. Kada kuma a mai da kan risho wurin ajiya ko da a kashe yake.

Wani lokaci wutar takan zo da rauni. Idan ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, zafin rishon yakan ragu zuwa wajen kashi 60 cikin 100, sai girki ya yi ta jan lokaci, mai girki ta gaji ta tafi wani aikin ta bar tukunya. Nan ma ƙofar haɗari ce. Ƙaramin janareta kuwa, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba ya ɗaukar risho ko kaɗan.

TUKUNYA DA TUWO

Tukunyar ƙira mai zagayayyen gindi ta murhu ce. Rishon lantarki yana son tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi wadda ta rufe kan daidai, domin inda ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba zafi iska yake bi. Sabon samfurin nan mai fuskar gilashi, wanda yake aiki da maganaɗisu, ba ya karɓar tukunyar alminiyam. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan maganaɗisu ya manne a gindin tukunya, za ta yi.

Tuƙin tuwo yana bukatar lura. Ƙaramin risho ba shi da nauyi, kuma muciya tana tura tukunya da ƙarfi, saboda haka a ɗora shi a kan dakali ko tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, nesa da labule da buhunan hatsi, inda yaro mai rarrafe ba zai kamo wayar ba. Talge da ruwan wake sukan yi bori, kuma ruwan da ya zubo cikin rishon yana iya kaiwa ga wayoyi. Kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kada a tsaya a kansa ba takalmi, balle da damina, wadda a ƙasar Lafiya takan ɗauki wajen wata bakwai, daɓen ɗakin girki kuma ba ya rabuwa da laima.

Ta wajen kuɗi, risho mai wat 1,500 yana cin yunit ɗaya da rabi a awa guda idan an sake masa wuta duka. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit zuwa Naira 225 ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. A kan wancan farashi, girkin awa ɗaya ya kama Naira 337 da kwabo 50. Rufe tukunya, da jiƙa wake tun dare, da rage wuta bayan an tafasa, da kashe rishon minti biyar kafin a sauke tun da ƙarfensa yana riƙe zafi, duk suna rage wa maigida nauyi.

ALAMUN DA BA A RAINAWA

Ba a wanke risho da kwarara ruwa. A kashe shi daga bango, a bari ya huce, a goge da tsumma mai ɗan laima, a bari ya bushe. Maiƙon da ya taru shi ne abincin gobara, shi ne kuma yake kiran kyankyasai da ɓeraye, waɗanda sukan shiga bayan tanda su ɓarnata robar waya.

Kafin lantarki ya yi ɓarna yakan yi gargaɗi. Filogi ya yi zafi, ko soket ya yi baƙi, ko a ji ƙaurin roba, ko bireka ta riƙa faɗuwa, ko a ji ɗan tsikari idan an taɓa tukunya da cokali. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a daina amfani da rishon har sai ma'aikaci ya duba. Wanda fiyus ɗinsa ya ƙone ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar ƙarfe, ya sani ya kori mai gadinsa ne da hannunsa.

Idan mai ya kama da wuta a kasko, kada a zuba ruwa, domin man zai fantsama ne wutar ta bi shi. A kashe makunni, a rufe kaskon da murfi, a bar shi ya huce. Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu: a kashe babban makunnin gida, in bai samu ba a ture shi da busasshen itace, sa'an nan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware, saboda lantarki yana taɓa bugun zuciya. Ƙuna kuwa ruwan sanyi mai tsabta ake kwarara mata har minti 20, ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki ba. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Wayar kirki da bireka da ladan ƙwararren ma'aikaci suna iya fin kuɗin rishon kansa, kuma wannan ne yake sa magidanta da yawa su yi ƙwauro. Amma kuɗi ne da ake kashewa sau ɗaya, gobara kuwa ba ta tambayar nawa aka tsimi. Aikin maigida ne ya gyara abin da ke cikin bango, aikin duk mai girki ne ya kashe makunni idan an ɗauke wuta. Allah ya tsare gidajen jama'a, amin.