Gidan Da Ake Karɓar Amanar Karnuka Da Kyanwoyi A Birnin Landan

A kudu da Kogin Thames, cikin birnin Landan na ƙasar Ingila, akwai wata unguwa da ake kira Battersea. A nan ne aka kafa wani gida wanda aikinsa shi ne karɓar karnuka da kyanwoyi waɗanda suka ɓace, da waɗanda masu su suka gaza da riƙonsu suka kawo da hannunsu. Labarin gidan nan yana da fa'ida ga malami da attajiri, gama ya shafi amana, ya kuma shafi yadda dukiya take raya aikin alheri bayan mai ita ya kwanta dama.

Asalin gidan daga wata mace ne, sunanta Mary Tealby. A shekara ta 1860 ta ga yadda karnuka suke mutuwa da yunwa a titunan birnin, sai ta sami wani wuri a unguwar Holloway ta fara tara su tana ciyar da su. Waɗansu jaridun zamanin suka yi mata ba'a, suna ganin abin wauta ne a yi wa kare gida alhali ga mutane suna kwana a waje. Ba ta fasa ba har ta rasu a 1865. Waɗanda suka gaje ta suka mayar da gidan Battersea a 1871, kana a 1883 suka fara karɓar kyanwoyi. A 1885 Sarauniya Victoria ta yarda ta zama uwar gidan, daga nan ba'a ta koma girmamawa.

Dalilan da ke sa mutum ya miƙa dabbarsa sanannu ne. Wani tsufa ne ko ciwo ya kayar da shi. Wani ya rasu, magada ba su da bukata. Wani mai gidan haya ya hana shi ajiye dabba, wani kuwa tsadar abinci da kuɗin magani suka fi ƙarfinsa. In ya zo, a kan tambaye shi halin dabbar, da abin da ta saba ci, da ko ta taɓa cizon wani, domin gaskiyar da ya faɗa ita za ta taimaki wanda zai karɓe ta nan gaba.

Bayan haka likitan dabbobi ya duba ta, a raba ta da ƙuma da kaska da tsutsar ciki, a yi mata allurar rigakafi, a kuma yi mata fiɗiya don kada ta haifi 'ya'yan da ba mai riƙonsu. Ana sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da ke nuna mai ita. Dokar Ingila ta wajabta wannan ga karnuka tun 2016, ga kyanwoyi kuwa tun 2024. Karen da aka tsinta a titi a kan jira mai shi kwana 7 kafin a nema masa wani gida.

Wanda ya zo neman dabba shi ma ba a ba shi haka kawai. Sai an bincika wurin zamansa, da ko akwai yara ƙanana, da tsawon lokacin da yakan bar gida. Ta wannan hanya ce wani muzuru mai suna Larry ya fita daga Battersea a 2011 zuwa gidan Firayim Ministan Birtaniya don kamun ɓeraye. Amma ba kowace dabba ke samun haka ba. Wadda ciwonta ya gagari magani, ko wadda ta zama haɗari ga mutane, likita yakan kashe ta da allura ba tare da azaba ba. Mafi yawan kuɗin wannan hidima daga gudummawar jama'a yake fitowa, da wasiyyar da mutane ke bari cikin dukiyarsu.

Wannan sha'ani ba baƙo ba ne ga masu ilmi. Sun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta masa domin ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare. Marubuta tarihi kuma sun ruwaito cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Watau shekara wajen 600 kafin Mary Tealby an riga an san cewa irin wannan aiki ba ya ɗorewa sai da dukiyar da aka keɓe masa.

Har wa yau akwai maslahar mutane a ciki. Karen da aka kora ba ya ɓacewa, juji da mahauta yake komawa, ya hayayyafa, ba mai yi masa rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Asiya da Afirka, kuma kusan dukansu ta hanyar kare suka kamu, yara da yawa a cikinsu. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Saboda haka wanda ya ajiye kare don gadin gona ko garke ko farauta, ko kyanwa don tsaron rumbu da shago, ya sani ya ɗauki nauyin cinta da shanta da rigakafinta. In tafiya ta kama shi, ko hali ya ƙi, to, hanyar fita daga alhaki ita ce ya nemi amintacce ya danƙa masa, kada ya kai ta bayan gari ya yar. Allah Ya sa a gane, amin.